Ga ɗan uwan da kwantenarsa ta maƙale a Bur Sudan

Wa alaikumus salam. Ka ce kwantenarka ta kayan gyaran mota tana kwance a tashar kudu, mukhallis (wakilin da ke fitar maka da kaya daga tasha) kullum sai ya ce ka ƙaro kuɗi, kana tambaya ko nan gaba ka riƙa bi ta Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke kudu da Bur Sudan. Wallahi ina karantawa raina ya ɓaci, don irin wannan ce ta kusa kai ni ƙasa.

A 2021, lokacin da 'yan ƙabilar Beja ƙarƙashin shugabansu Nazir Tirik suka rufe tashar da hanyar Khartum, daga tsakiyar Satumba har farkon Nuwamba, riɗina na Gadarif yana sito a can yana jiran jirgi. Rufewar ba ta ƙona ni kamar mukhallis ɗin da na ba amana ba. Mutum ne da muka ci tuwo a kwano ɗaya, har sunan ɗansa na je. Ya karɓi kuɗin takardu da na jamarik, wato kwastam, cif, ya ce da an buɗe kayana ne na farko. Aka buɗe, shiru. In na kira, wai yana ofis. In na sake kira, wai yana jana'iza. Ashe ko takarda ɗaya bai shigar ba! Kuɗin sito yana ta hawa, mai saye ya janye, manoman da na ɗauki riɗinsu bashi suna sallama a ƙofar gidana tun asuba. Har yau in na gan shi a masallaci sai in sauya sahu, Allah Ya yafe mini.

Sawakin kuwa ka cire ta a ranka, ba wajen kwantena ba ne. Aikinta fasinjan Jidda da dabbobi, ka tuna jirgin da ya nutse da tumaki sama da 15,000 a Yunin 2022. Tun zamanin Turawan Ingila aka ga mashigarta ta yi wa manyan jirage ƙunci saboda duwatsun murjani, shi ya sa suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909, dogo daga Atbara ya iso. Kakanninmu da suka taho a ƙasa daga Kano da Sakkwato ta Sawakin suke tsallakawa Hajji, amma kasuwa ta bar ta tuntuni. Yanzu alkama, magani, ƙaro, auduga, duk ta ƙofa ɗaya, Bur Sudan, suke bi, man Sudan ta Kudu ma ta tashar mai ta Basha'ir yake fita a kusa. Ƙofa ɗaya ga ƙasa guda, dole 'yan tsakiya su yi ƙiba.

Kada ka ƙara masa ko fam ɗaya sai ka ga rasit mai hatimi. Ka karɓi kwafin bolisa, wato takardar shaidar ɗaukar kaya ta jirgi, ka duba sunanka ne a kai ko nasa. Kuma ka tashi ka je da ƙafarka, ardiyya, wato kuɗin ajiyar kaya a tasha, ba ta jiran kowa. Sai dai ka shirya aljihu: da gwamnati ta koma Bur Sudan bayan ɓarkewar yaƙin 2023 haya ta haukace, ruwa kuma da tsada, balle bayan fashewar madatsar Arba'at mai ba garin ruwa a 2024. Ka sauka wajen 'yan uwanmu Hausawa, dattawan nan sun san mukhallis na kirki. In ka samu sunan wani, ka tambayi mutum biyu da ya taɓa fitar wa kaya kafin ka miƙa masa takarda.