Kwale-kwale na karkata alhali lodi bai ƙaru ba

Malam, ka ce kwale-kwalen katakon da kake dakon busasshen kifi da shi daga Blangoua zuwa Kousseri a arewacin Kamaru ya fara yawan karkata, kuma ba ka ƙara lodi ba.

Duba inda kake ɗora kayan tukuna. Injiniyoyin jiragen ruwa sun daɗe da tabbatar da cewa in nauyi ya hau sama, jirgi yakan kasa miƙewa bayan igiyar ruwa ta buge shi. Buhuna masu nauyi su zauna ƙasa, a tsakiya, kuma ka hana fasinja zama a kansu.

Amma ni ruwan da ke taruwa a ciki na fi zargi. Duk ɓangaren da jirgi ya karkata, can ruwan zai gangara ya ƙara danne shi. Mutane na raina shi don bai kai idon sawu ba. A kwashe shi kafin a tashi.

Ka ja layin fenti a gefe, irin alamar Plimsoll, wato layin da ke nuna iyakar lodi, da Ingila ta wajabta wa jiragen ruwa a 1876. In ruwa ya rufe layin, a rage kaya.

In kuwa katakon ƙasa ya yi laushi ko ya tsage, kwalta ba za ta yi magani ba, sai masassaƙin jirgi ya duba.