Hukunta masu karya dokar kulle a lokacin annoba

Tambaya: Assalamu alaikum. A lokacin korona an kama ƙanina ya fita sayar da kayan miya ranar da aka hana fita, aka ci shi tara. Shin doka ta yarda a hukunta mutum a kan irin wannan? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Doka ta yarda, amma da sharaɗi. Sashe na 45 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da damar taƙaita zirga-zirga da taruwa domin kare lafiyar al'umma, sai dai sashe na 36(12) ya hana a hukunta kowa sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka, saboda haka sanarwar rediyo ita kaɗai ba ta isa hujja a gaban alƙali ba. Dokar Killacewa ta 1926, wadda Shugaba Buhari ya dogara da ita wajen rufe Legas da Ogun da Abuja a watan Maris na 2020, ta tanadi tarar naira 200 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ita kuwa Daura, Gwamna Aminu Bello Masari ne ya rufe ta a watan Afrilu, bayan rasuwar wani likita a garin.

A ganina, tsananin hukunci ya dace ne da wanda ya san yana ɗauke da cutar, ya gudu daga wurin killacewa, ya shiga sahun masallaci ko cikin kasuwa da gangan. Mai tumatir da tattasai a faranti, wanda sai ya fita za a ɗora tukunya a gidansa, yunwa ce ta fito da shi, kuma tsare irinsa a ɗaki mai cunkoso yaɗa cutar yake yi. Wannan ya fi damuna: idan mutane suka ga rashin lafiya na jawo kamu, sai mai tari da zazzaɓi ya ɓoye a ɗaki, ya ƙi gwaji. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ma ta bayyana cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kullen.

Game da ƙaninka, ku duba ko kotu ce ta yanke tarar kuma an ba shi rasit. Idan a bakin hanya aka karɓe kuɗin ba tare da hukuncin kotu ba, ba tara ba ce, kuma kuna da damar kai ƙorafi ofishin wannan hukuma.