Amsa kan mutumin kwamfuta mai yi wa soja bayani

Malam, ka tambaya ko wai kwamfuta ce ke ba sojoji umarni yanzu a ƙasashen waje. A'a wallahi, ba haka abin yake ba. Mutum ne aka zana a allo, da fuska da murya, har gira yana ɗagawa, aikinsa ya tattaro rahotanni da hotunan jirgi mara matuƙi da taswira ya karanto wa kwamanda su a jere kamar mai karanta labarai a talabijin, yana nuna wurin da yake magana a kai. A Amurka jami'ar Kudancin California (USC) ta buɗe cibiyar ƙirƙirar fasahohi mai suna Institute for Creative Technologies (ICT) a 1999 da kuɗin sojan ƙasar, su suka yi nisa a harkar, galibi wajen horaswa.

Ka ɗauka kwamanda na zaune a Katsina, rahoto na shigowa daga Batsari da Jibiya da bakin dajin Rugu lokaci guda, ai kai ya ɗau zafi, to nan abin zai yi rana. Ni dai tsorona ɗaya, in bayanin da aka loda masa ƙarya ne haka zai faɗe shi fuska a sake, kuma mutane na saurin yarda da mai fuska. Umarni kam na kwamanda ne, shi za a tuhuma.