Tambaya da Amsa: Ɓoye Akwati da GPS, da Hakkin Wurin da Ba Naka Ba

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan wasan geocaching ne. Ga wanda bai san shi ba: mutum zai ɓoye ƙaramin akwati a wani wuri, ya saka lambobin wurin a intanet, wasu su bi GPS ɗin wayarsu su nemo shi, su sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, su mayar da shi yadda suka tarar.

Wani ɗalibi daga unguwar Kongo a Zariya: Malam, na ɓoye wa abokaina gwangwani na tura musu lambobi. Wayar ɗaya ta kai shi wata unguwa daban, sauran kuma suka yi ta zagaye bishiya ba su gani ba. Wayata ce ta lalace?

Wayarka lafiyarta ƙalau, ƙanena. Wanda ya ɓace zuwa wata unguwa, rubutun lambobi ne ya yaudare shi. Shafin Geocaching yana rubuta wuri da digiri da minti, kamar N 11° 04.000, shi kuwa Google Maps ya fi nuna digiri zalla mai ɗigo, kamar 11.0667. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Wanda ya ga 11° 04 ya buga 11.04, wurin da ya nema a zahiri 11° 02.4 ne. Bambancin minti 1.6 ke nan, kowane minti kuwa mita 1,852 ne daga arewa zuwa kudu, wato ya kauce kusan kilomita 3. Ku yarda da tsarin rubutu guda tun kafin a fita. Idan kuma daga tsohuwar taswirar safiyo aka kwafo lambobin, a duba ko da ma'aunin Minna, wato tsohon ma'aunin taswirar Najeriya, aka zana ta, domin waya da ma'aunin duniya na WGS84 take aiki, tsakaninsu akwai gomman mitoci.

Masu zagaye bishiya ba su yi kuskure ba. A fili, sama a buɗe, waya mai kyau tana iya kuskuren mita 5. Ƙarƙashin mangwaro ko jikin dogon gini ya fi haka. Kuskurenka ranar ɓoyewa yana haɗuwa da nasu ranar nema. Maganinsa: ka tsaya daidai wurin, ka bar wayar ta yi minti biyu ba motsi, ka rubuta lambobin, ka yi tafiyar mita 30 ka dawo ka sake ɗauka. Yi haka sau huɗu ko biyar, in da hali a ranaku biyu, sannan ka ɗauki matsakaicin. Idan kibiyar manhaja tana juyi barkatai, ka zana lamba 8 a iska da wayar, ka kuma nisanci karfe da babur. GPS ba ya buƙatar data. Taswirar ce take buƙata, sai ka sauke ta tun a gida.

Wannan mita 5 ɗin ma sabon arziki ne. Kafin 2 ga Mayu 2000 gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata siginar farar hula har kuskure ya kai mita 100. Washegarin da aka cire wannan shingen ne Dave Ulmer ya ɓoye bokitin farko kusa da Beavercreek a jihar Oregon.

Wani matashi daga cikin birni: Ina so in kafa akwati a jikin ganuwa wajen Ƙofar Gayan, don baƙi su san tarihinmu. Ai filin gwamnati ne, ba mai shi. Me zan buƙata?

Niyyarka mai kyau ce, amma kada ka sa komai a jikin ganuwa. Dalilin yana cikin amsar da ke sama. Mai nema ba ya zuwa kan akwati kai tsaye. Wayarsa za ta sauke shi cikin da'irar mita 5 zuwa 10, daga nan sai ya fara lalube, yana cusa hannu a kowane rami, yana takawa ya hau, yana jan duk abin da ya yi motsi. Ganuwa ƙasa ce. Damina tana cinta, masu ɗibar ƙasar gini sun ci rabonsu, gidaje sun matse ta. Mutum ashirin masu lalube za su yi mata ɓarnar da kai ba za ka iya gyarawa ba. Tana cikin wuraren tarihi da ke ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ƙa'idar Geocaching kanta ta hana tona rami ko huda wani abu, ko don ɓoyewa ko don nema. Bokitin Ulmer an ɗan binne shi, amma a yau mai tantance sababbin akwatuna a shafin ba zai amince da irinsa ba.

Maganar "ba mai shi" kuwa, babu irin wannan filin a Zariya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a, kuma a ƙasa da haka akwai wanda ke kula da kowane taƙi: mai unguwa, dagaci, hakimi, ƙaramar hukuma, ko manomin da ya gaji gonar. Lokacin da kake tura akwatinka a shafi, kana shaida cewa ka sami izini. Masu tantancewa 'yan sa-kai ne, daga taswira suke dubawa, ba za su zo Ƙofar Gayan su tambayi mai unguwa ba. Nauyin a wuyanka yake. Je ka gaishe shi, ka nuna masa akwatin a buɗe, ka faɗa masa baƙi za su riƙa zuwa da waya a hannu. A harabar jami'a, sashen tsaro za ka fara zuwa, ka karɓi izini a rubuce. Ko a Amurka inda wasan ya fito, manyan gandun daji na ƙasa ba sa yarda sai da izini.

Akwai wuraren da ko izini ba zan ba ka shawarar nema ba: kewayen Depot ɗin soja, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan, layin dogo, ƙarƙashin gada, taransifoma, makarantun yara, masallatai da maƙabarta. A 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby a Ingila, masu kwance bam suka tarwatsa wani akwati da aka ga mutum yana ɓoyewa, ashe na wasan ne. A can ke nan. A nan, wanda aka gani yana cusa ƙunshi a rami yana waige-waige, ko a ce bam ne ko a ce asiri, kuma ba lallai jama'a su jira bayani ba. Don haka akwati ya zama na roba mai nuna abin da ke ciki, ba wayar lantarki ko tef a jikinsa, da rubutu ɓaro-ɓaro da Hausa da Turanci cewa kayan wasa ne.

Kana iya kai baƙi ƙofar ba tare da an taɓa ta ba. Akwai nau'in akwati mai zango-zango: lambobin farko su kai mutum gaban ƙofa, ya ƙirga ko ya karanta wani abu da ido, ya yi ɗan lissafi da shi ya sami lambobin inda akwatin yake, can nesa a wurin da aka ba ka izini. A tuna dai, dole ya yi nisan mita 161 daga kowane akwati. Duwatsu irin Kufena kuma sun dace da EarthCache, tsarin da aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka: babu akwati sam, mai zuwa zai duba dutsen ya amsa tambayoyi a kan yadda ya samu.

Wata mai gidan abinci a Sabon Gari: An ce idan na sa akwatin nan a ƙofar shagona zan sami kwastomomi. Gaskiya ne?

Hajiya, ba za a amince da shi ba. Ƙa'idar ta hana duk akwatin da sai an shiga shago, ko an yi magana da ma'aikaci, ko an sayi wani abu kafin a same shi, ta kuma hana sa sunan kasuwanci ko tambarinsa a shafin akwatin. Haka ma kiran siyasa, wa'azi da neman taimako. Ko da an amince ma, akwatunan Najeriya da masu nemansu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da Jamus ko Amurka. Ba za su cika miki benci ba. Sa shagonki a Google Maps da hoto da lokutan buɗewa, kyauta ne, kuma zai fi kawo miki masu ci.

Sai dai a faɗi gaskiya, hanin bai shafi kamfanin ba. Groundspeak da ke Seattle, mai shafin da Jeremy Irish ya buɗe a Satumba 2000 da akwatuna 75, yana karɓar kuɗin rajista, yana sayar da alamomin da ake bin sawunsu daga akwati zuwa akwati, ya yi tallan motar Jeep da su a 2004, yana kuma shirya wa hukumomin yawon buɗe ido jerin akwatuna da ake kira GeoTour a kan kuɗi. Akwatunan da suka haura miliyan 3 kuwa, 'yan wasa ne suka saya suka ɓoye da kuɗinsu, a filayen jama'a. Wannan ya daɗe yana jawo muhawara, shi ya sa aka sami shafukan Opencaching da ba sa karɓar kuɗi. A ganina kamfani ya ci ribar manhajarsa ba laifi ba ne, gudanar da ita kuɗi take ci. Inda ban yarda ba shi ne a ɓoye akwati a filin da kowa ke da hakki a kai, sannan a kulle lambobinsa sai wanda ya biya. Shafin ya ba mai akwati wannan zaɓin. A Zariya kada a taɓa shi.

Wani mai gyaran waya daga Tudun Wada: To sai na biya kafin in yi wasan?

A'a. Rajistar kyauta tana nuna akwatuna masu sauƙi a manhajar kamfanin, kuma a Android akwai c:geo, kyauta, tana ajiye bayanai don inda ba sabis. Rajistar biya kuwa ba ta da amfani a garin da akwatunansa ba su da yawa. Kada ka sauke wadda aka ce an fasa ta daga WhatsApp. Ta nan ake shigo wa waya da manhajar sata.

Wata malamar sakandare: Zan kai ɗalibai Kufena su koyi GPS. Me za mu sa a akwati, kuma wa zai kula da shi bayan mun tafi?

Malama, idan darasin yini ɗaya ne, kada ki tura shi intanet. Ki ajiye da safe, ki kwashe da yamma. A nemi izinin masu gonakin gindin dutsen, a bi hanyar da ƙafa ta riga ta fitar, kada yara su keta shuka don kibiya ta nuna can. Kowane rami a fara taɓa shi da sanda saboda maciji da kunama, duwatsun da aka ɗaga a mayar da su mazauninsu. Ku tafi da buhu ku tsince leda da gorunan ruwa. 'Yan wasan sun mayar da wannan al'ada tun 2002.

Na dindindin kuwa yana son roba mai murfi da ke kullewa ta gefe huɗu, littafi a cikin leda mai zif, da fensir maimakon biro, domin tawada tana bushewa a zafin Maris da Afrilu. Gwangwani tsatsa yake yi a damina ɗaya, kwali kuma abincin gara ne. Ba a sa abinci, turare, ashana, wuƙa, magani ko kuɗi. Ƙamshi yana jawo ɓera, kuɗi yana jawo wanda zai tafi da akwatin gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki abu ya ajiye wani mai darajarsa ko fiye. A guji ciyawar da ake cinna wa wuta da rani.

Kulawa kan mai akwati take: ki duba shi kafin damina da bayanta, da duk lokacin da mutum biyu ko uku a jere suka rubuta cewa ba su same shi ba. Idan aka yi miki canjin wurin aiki, ki miƙa shi ga wani ɗan wasa ta shafin, akwai hanyar yin haka, ko ki rufe shafinsa sannan ki je da ƙafarki ki ɗauko robar. Rufe shafin kaɗai yana ɓoye lambobin ne, robar tana nan a dutse.