Cire tsohon fenti daga bambar mota ba tare da an ƙona roba ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wata Golf 3 daga mahaifina, ina so in maido da ita yadda take a da. Bambobinta da giril da ƙoƙon madubai an yi musu fenti kan fenti har sau uku, yanzu duk ya tsattsage yana ɓarewa. Mai fenti ya ce in sayo tina (ruwan tsinka fenti) da maganin cire fenti a kwarara musu. In yarda? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Malam, dakata tukuna, kada ka sayi komai. Shawarar mai fentinka ta jikin ƙarfe ce. Idan aka bi ta a kan roba, gobe kana kasuwar Ƙofar Ruwa kana cigiyar wani giril.

Robar mota ba iri ɗaya ba ce, kuma duk aikin a nan yake. Kwance kayan, ka kifa su, ka goge ƙurar bayansu, za ka ga haruffan da kamfani ya buga masu nuna irin robar. Bamba galibi PP ce, wani lokaci a rubuta PP+EPDM. Giril da ƙoƙon madubi kuwa sau da yawa ABS ne. Idan rubutun ya shafe, fere ɗan mitsitsi daga inda ba a gani, wanda babu fenti a jikinsa, ka jefa a kofin ruwa. PP yakan taso sama don bai kai ruwa nauyi ba, ABS kuwa ya nutse.

ABS ba ta shiri da tina ko asiton. Ɗiga mata kaɗan, ka dangwala yatsa bayan minti ɗaya, za ka ji ta yi danƙo kamar cingam, in ta bushe kuma ta bar tabo har abada. Maganin cire fentin gwangwani mai ƙarfin nan, musamman mai sinadarin dichloromethane, ya fi haka ɓarna. PP ta fi juriya, amma ita ma in ta jima cikin maganin takan sha shi ta kumbura, daga baya ta riƙa fitar da shi a ƙarƙashin sabon fenti, sai ka ga ƙuraje.

Ni dai samfefa na fi yarda da ita, duk da cin rai. Wanke kayan da sabulu tukuna. Inda fenti ya yi kauri fara da mai kaushi, lamba 180 ko 240, sannan 320, ka ƙare da 400 zuwa 600, kana yi kana zuba ruwa. Da ka hango robar ta leƙo, sassauta hannu ka koma mai laushi, domin samfefa mai kaushi takan tayar wa PP gashi-gashi, kwantar da shi kuwa wahala ne. Wani abu kuma: ba dole ne ka kai ga roba tsirara ba. Idan ka cire na sama ka tarar fentin ƙasa na nan daram bai tsage ba, bar shi, ka ɗan karce shi kawai.

Giril ne mai lunguna da hannu ba ya shiga. Shi kam a jiƙa shi cikin ruwan sodar yin sabulu na wasu awoyi, a riƙa dubawa, a goge da tsohon buroshin haƙori. Soda ba ta cin ABS ko PP, amma tana cin fata da ido da alminiyam, don haka sa safar hannu da tabarau, kuma a zuba soda cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Fentin kamfani mai hadina (sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri) wani lokaci ko gezau ba ya yi a cikin sodar. Masu cewa a yi da man birki ba ƙarya suke ba, yana ɗaga fenti, sai dai yakan sa ABS ta yi gautsi, shi ya sa ba na ba da shawararsa. Wuta da na'urar hura zafi kuwa a manta da su, ABS na fara laushi tun wajen digiri 100.

Duk abin da za ka shafa, gwada shi a bayan kayan tukuna. Ranar feshi kuma ka tsaya a kan mai fenti ya fara sa firaimar roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, a duk inda PP ta fito fili, ba firaimar ƙarfe ba. In ya tsallake wannan, kafin damina ta wuce fentin zai fara ɓarewa kamar na baya.