Wace inshorar rai zan fara da ita?

Malam, ka ce kai ma'aikaci ne mai iyali, kuma kana gudun kuɗin ruwa. To, fara tambaya a wurin aikinka tukuna. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta wajabta a yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, da yawa ba su ma san suna da ita ba.

In ƙari kake so, ni dai takaful na iyali, wato inshorar da ta bi tsarin Musulunci, zan ce ka duba, amma ka tabbatar kamfanin na da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora. Wajen cike fom kada ka ɓoye hawan jini ko ciwon suga, da wannan ake kafa hujja a hana magada kuɗin. Ka kuma tambaye su abin da zai faru in ka yi fashin biya.