Kabewata ta tsage bayan ruwan sama, cuta ce?

Tambaya: Wani ɗan'uwana ya kawo mini irin ƙatuwar kabewa daga Amurka, na shuka a bayan gida a Zariya. Ɗaya ta yi girman da mutum biyu ba sa iya ɗaga ta. Ruwa ya ɗauke kwana goma, da ya dawo da ƙarfi sai na tarar ta tsage ta wajen da fure ya faɗi. Cuta ce? Wane magani zan fesa?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, na san zafin ganin haka bayan wata da watanni ana ɗawainiya. Amma ba cuta ba ce, kuma feshi ba zai ɗinke ta ba.

Da alama irin da aka kawo maka shi ne Atlantic Giant, wanda Howard Dill, wani manomi a Nova Scotia ta ƙasar Kanada, ya inganta. A 2023 Travis Gienger na jihar Minnesota ya kai wadda ta kai kilo 1,247 gasa a Kalifoniya. Idan kabewar nan ta samu yadda take so, tana iya ƙara fiye da kilo 15 a yini guda. To, nan matsalar take. A kwana goman nan da ruwa ya ɗauke girmanta ya tsaya, ɓawon ya fara tauri. Da ruwa ya sauko, saiwa ta zuƙa iya ƙarfinta, cikin ya kumbura, ɓawon bai iya binsa ba. Wajen furen kuwa ya fi ko'ina rashin kauri, shi ya sa ta fashe ta can. Idan ka zuba mata yuriya a 'yan kwanakin, to ka ƙara wa wuta mai.

Yanzu ka sami tsinke mai tsabta ka gwada zurfin tsagar. In a ɓawo kaɗai ta tsaya, akwai sauran rai: goge wurin, bar shi ya sha iska ya bushe, ka barbaɗa garin farar wuta, ka kare shi daga ruwa. Zai yi tabo ya warke. In kuwa tsinken ya zarce har cikin rami, iska da ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga, ruɓewa ba za ta daɗe ba. Cire ta yau, a yi miya da inda yake da kyau. Ko a wajen gasa, kabewar da ta huje har ciki ba a lissafa ta.

Abin da na fi so ka riƙe don baɗi shi ne ban-ruwa. Kada ka bar wa sama aikin ita kaɗai. Ranar da ba a yi ruwa ba ka ba ta, daidai gwargwado, ƙasa ta kasance da danshi kullum. Ka shimfiɗa yashi a ƙarƙashinta tun tana ƙarama don kada gindin ya jiƙe, ka kafa mata rumfar buhu ko farin yadi saboda rana tana busar da ɓawo da wuri.

Ka kuma lura da hancinta, wato wurin da ta haɗu da yaɗo. Tana tashi tana jan yaɗon sama, saiwoyin da ke kusa suna riƙe shi ƙasa, sai hancin ya dare. Yanke saiwoyin gaɓa biyu ko uku na kowane gefe, yaɗon ya samu sakewa.